Yadda Za Ka Mai da Hoton Surukinka Marigayi Kamar na Fim

In kana da kwamfuta, da manhajar gyaran hoto, da uban mata wanda bai daɗe da rasuwa ba, to ka zo inda ya dace. Alkawari nake maka, ba ƙila-wa-ƙala: ka bi matakan nan tara ɗaya bayan ɗaya, hoton tsohon zai koma kamar na jarumin fim, har matar da ta shekara hamsin da ɗaya tana dafa masa wake sai ta tsaya ta tambaya ko wane ne. An jarraba, ya yi aiki, a gaban idona.

Sunana Dobrin. Shekarata ashirin da biyu ina buga takardu a shagona da ke kallon tashar mota, kuma rabin abincina daga takardar rasuwa yake fitowa, irin mai hoton nan da muke mannawa a ƙofar gida da jikin bishiya da turken lantarki, ranar jana'iza, da ranar arba'in, da wata shida, da shekara. Na ga fuskokin matattu fiye da fadan cocinmu. Amma gwanintar da zan koya maka ba tawa ba ce. Ta Tihomir ce, mijin 'yar marigayi Stoil na ƙauyen Kladenets, kuma a duk faɗin Bulgeriya ban ga wanda ya kama ƙafarsa ba.

Mataki na ɗaya: Ka tabbata hoton guda ɗaya ne tak a duniya

Kada ka ɓata basirarka a kan mamacin da ya bar hotuna kwali guda. In ka lalata ɗaya sai a ɗauko wani, ina abin yake? Nemi irin su Stoil.

Stoil direban tarakta ne da ya yi ritaya, kuma shi da kyamara ba sa ga-maciji. Da an ɗaga ta sai ya juya ƙeya, ya ce shi ba ɓarawo ba ne da za a riƙa ɗaukar hotonsa. Hotunan aurensu ruwa ya cinye su shekarar da ambaliya ta cika musu ɗakin ƙasa. Katin shaidarsa hukuma ta karɓe ranar da aka yi rajistar mutuwa. Shi ya sa takardar farko, ta ranar jana'iza, ta fita ba hoto, daga gicciye sai suna.

Kai ma ka san yadda tsofaffinmu ke karanta takardar rasuwa, ai ba karantawa suke ba. Tabarau yana can gida a kan firji. Sukan sauko daga motar safe, su tsaya gaban bishiyar dandali, su bi fuskoki da ido. In sun ga wadda suka sani, su matsa kusa su tambayi mai wucewa yaushe ne taron. In ba su gani ba, su gode wa Allah su wuce kasuwa. Saboda haka abokan aikin Stoil na tsohon garejin taraktoci, mutum kusan talatin da ke warwatse a ƙauyuka shida, ko ɗaya bai zo jana'iza ba. Lambobin wayarsu duk a kansa suke, ya tafi da su.

Abin ya tsaya wa matarsa Velichka a rai. Ta rantse takardar arba'in sai da fuskar mijinta, domin mutanensa su gani, su zo kabari, su ci dafaffiyar alkamarsa su ce Allah Ya gafarta masa. Ana haka sai 'yarsu Zornitsa, matar Tihomir, ta tono wata tsohuwar ƙaramar kyamara a durowa. A cikin memorinta akwai hoto guda: Stoil a lambu da singileti, sanƙo na ƙyalli, yana dariya giɓinsa a waje, riƙe da tumatir mai girman kan jariri. Bai san an ɗauka ba.

Velichka ta daɗe tana kallon ɗan gilashin kyamarar. Ta sumbace shi, ta goge da gefen rigarta.

"Shi ne," in ji ta. "Haka yake dariya in ya yi ƙarya an kama shi."

Mataki na biyu: Ka karɓi aikin tun kafin a ba ka

Gwani ba ya jira a roƙe shi. In ka tsaya jira, sai wani mara ilimi ya kawo mini hoton yadda yake in buga, kowa ya gane mamacin, a yi taro a watse ba wanda ya ambaci sunanka.

Tihomir ya shekara tara yana auren Zornitsa, kuma a gidan surukai bai taɓa tsinana abin da aka yaba ba. Faskare bai iya ba. Ranar yankan alade a cikin mota yake zama. Da aka ba shi ya kula da wutar tukunyar rakiya, giyar da Stoil ke dafawa duk kaka, sai da ta ƙone. Marigayin da kansa ya raɗa masa suna Injiniyan Latse-latse, kuma bai janye sunan ba har ya mutu. To sai ga shi watanni biyu kafin rasuwar Stoil, Tihomir ya gama wani darasi a intanet kan yadda ake sa hoto ya zama kamar an ciro shi daga fim. Ya gwada a kan kyanwarsu, da motarsa, da kwanon miya. Mutum kawai yake jira.

"Inna, bar ni da hoton nan, zan gyara shi," ya ce wa Velichka.

"Me ya same shi da za a gyara?"

"Ba abin da ya same shi. Fito da shi dai zan yi."

"Ai ga shi nan a fili, suruki. Ka kai wa Dobrin ya buga kawai."

"Haba Inna, ki bar shi mana," in ji Zornitsa daga bakin murhu. "Wannan kaɗai ya iya."

In matarka ta yi maka irin wannan yabo, ka karɓa da hannu biyu, ba kullum ake samu ba.

Velichka ta naɗe kyamarar a cikin tawul ɗin kicin, ta miƙa masa. Ta ce ya riƙe da kyau, ba ta da wani.

Mataki na uku: Ka raina hoton

Buɗe shi a kwamfuta, ka jingina da kujera, ka girgiza kai. In akwai mai kallonka, ka yi tsaki. Tihomir ba mai kallonsa, amma duk da haka ya yi.

Laifin farko, da rana tsaka aka ɗauka, komai a bayyane, kuma fim ba ya son abu a bayyane. Laifi na biyu, abin da ke bayan tsohon: jar robar wanki, igiyar shanya da dogayen wandunan ciki guda uku, layin barkono, sai rabin kafaɗar Velichka a gefe tana duƙe tana tsinkar wani abu. Ka taɓa ganin jarumi da wandon ciki a bayansa? Dusashe su duka, har lambun ya zama wani kore-kore da ba a san ko daji ne ko teku ba.

Daga nan sai ka yanka hoton ya koma mai faɗi, ka sa masa baƙaƙen layuka sama da ƙasa. Waɗannan layuka su ne fim ɗin kansa, ba su ba fim. Matsalar kawai ita ce Stoil a tsaye yake, layukan kuma a kwance suke, dole wani abu ya fita. Na sama ya cinye sanƙon, na ƙasa ya cinye tumatirin da hannun da ke riƙe da shi. Kafaɗar Velichka kuwa da gangan ya datse ta, domin a cewarsa tana raba hankalin mai kallo. Shekara hamsin da ɗaya tana tsaye a gefen mutumin, da latsawa ɗaya ta fita.

Mataki na huɗu: Inuwa shuɗiya, fata ruwan lemo

Wannan shi ne babban sirrin sana'ar, mutane na biyan kuɗi kafin su ji shi, ga shi na ba ka kyauta. Duk inda duhu yake a hoto, ka mai da shi shuɗi mai ratsin kore. Duk inda fata take, ka mai da ita ruwan lemo. Kada ka tambayi dalili.

A cikin manhajar akwai 'yan sanduna da ake ja hagu ko dama. Mai tsoro yakan ja kaɗan ya tsaya ya duba. Kai ka ja har sai sandar ta ƙi gaba, domin da ba a so a kai ƙarshe da ba a yi mata ƙarshe ba. Da Tihomir ya gama ja, ranar watan Yuli ta lambun Kladenets ta koma magariba ana shirin hadari, Stoil kuma ya koma kamar wanda ke tsaye gaban gidan da ke cin wuta.

Mataki na biyar: Ka taimaki fuskar

Yanzu aka zo wurin aikin lada. Tsohon ya sha wahala a duniya, rana da man tarakta sun gama da fatarsa, kuma ba shi da bakin hana ka. Ka taimake shi.

Tihomir ya fara da tamojin goshi, ya share su layi-layi. Akwai tawadar Allah a gefen hanci, ya ɗauke. Idon hagu ya ɗan fi na dama lumshewa, ya daidaita su. Giɓin ya cike shi da haƙorin da ya kwafo daga ɗaya gefen. Da ya ja baya ya duba, sai ya ga ashe dariyar kanta ce matsala, jarumi ba ya wage baki haka. Manhajar zamani kuwa ba abin da ba ta yi, akwai sandar rufe baki. Ya ja ta, bakin ya rufu, haƙorin da ya yi rabin awa yana dasawa ya shige ciki. Ya ƙara wa muƙamuƙi kauri, ya duhunta singiletin har ya yi kama da baƙar kwat, ya zuba ɗan hayaƙi ta gefe, ya yayyafa tsaki-tsaki irin na tsohon fim, sannan ya duhunta kusurwoyi huɗu.

Ana cikin haka Zornitsa ta wuce ta bayansa, waya a kunne, tana ciniki da mai gidan abincin da za a ci bayan an dawo daga kabari. Ta tsaya, ta rufe bakin wayar da hannu.

"Wane ne wannan?"

"Babanki mana."

"Babana? Tihomir, babana fa ka ce?"

"Babanki yadda ya kamata a tuna da shi. Ban ma gama ba, sai an buga za ki gani."

Ta buɗe baki za ta yi magana, sai mai gidan abinci ya tambaya ko miyar kaza za a yi ko ta wake, ta juya ta tafi tana amsa masa. Ka lura da wannan da kyau: lokacin da ya fi dacewa ka nuna wa iyali aikinka shi ne lokacin da suke fama da hidimar mutuwa.

Mataki na shida: Ka adana a kan na asali

Malamin darasin intanet ɗin ya faɗa tun a minti na biyu cewa a ajiye kwafin hoto kafin a taɓa shi. Tihomir daga minti na goma ya fara kallo, domin gabatarwa ta 'yan koyo ce.

A kan memorin kyamarar kai tsaye ya yi aikinsa. Da ya danna adanawa, kwamfuta ta tambaye shi ko ya tabbata yana so ya maye gurbin tsohon hoton. Ya ce i. Ta sake tambaya, da yake ita ma tana da tausayi. Ya sake cewa i. Sannan saboda tsabar ƙwazo ya fitar da aikin nasa kala arba'in da ɗaya, mai hayaƙi da mara hayaƙi, mai shuɗi sosai da mai shuɗi fiye da haka, duk ya jibge su a kan ɗan memorin har ya cika maƙil. In da akwai ɓurɓushin Stoil da ya rage a wani lungu, to wannan ya danne shi.

Gwani ba ya waiwaye. Mai ajiye kwafi mutum ne da bai yarda da kansa ba.

Mataki na bakwai: Ka kawo mini in buga

Ranar Juma'a da hantsi ya shigo shagona yana taku ɗai-ɗai. Na buɗe hoton, na duba, na cire tabarau na goge, na sake dubawa. Na san Stoil shekara ashirin, duk damina yakan ajiye mini ledar tumatir a kan teburin nan ya ce in ci in daina kama da takarda.

"Tihomir, ka tabbata wannan ne?" na tambaye shi.

"Kawu Dobrin, kai dai buga. Ba irin aikin da ka saba gani ba ne."

Nan kam ya yi gaskiya. Ya ce kwafi sittin yake so, manya, sunan da siririn farin rubutu a ƙasa, ranar taro da ƙananan baƙaƙe yadda ba za su ɓata hoton ba. Ya ƙara da cewa a lulluɓe kowace da roba mai ƙyalli, kada ruwa ko rana su taɓa ta. Na so in ƙara magana, amma shago ne da ni ba coci ba. Na buga.

Kada ka kai wa uwar matarka ta gani tukuna. Ka fara mannawa, ra'ayi ya biyo baya. Tihomir ya zaga garinmu da ƙauyuka shida a ranar, bishiya da turke da ƙofar coci da rumfar jiran mota, sai da la'asar ya iso Kladenets ya manna ta ƙarshe a ƙofar gidan marigayin, ƙarƙashin baƙin ƙyallen makoki. Sannan ya kira Velichka ta fito.

Ta fito tana goge hannu. Ta matsa kusa, ta ja baya, ta sake matsawa.

"Suruki, Dobrin ya yi kuskure. Ya sa mana hoton mutumin wasu."

"Shi ne, Inna. Baba ne."

"Wannan?" Ta kai yatsa kusa da bakin hoton. "Me aka yi masa ya ɓata rai? Ina lambuna?"

"Haka ake yi yanzu, Inna. Ki duba yadda ya yi kwarjini."

"Stoil bai taɓa kwarjini ba, ko kaji ba sa tsoronsa." Sannan ta ce, "Ka kawo mini na cikin kyamarar nan in riƙa gani."

"Zan duba," in ji Tihomir.

Ba ta cire takardar ba. Wa ke yage takardar rasuwa daga ƙofa? Ruwa da rana ne ke cire ta in lokacinta ya yi, wannan kuwa an riga an yi mata maganin ruwa da rana.

Mataki na takwas: Ka saurari masu kallo

Aikin fasaha sai da 'yan kallo, kuma Tihomir ya samu. Ta farko ita ce Gwaggo Tota, maƙwabciyarsu, wadda ba a taɓa rufe ƙofa a Kladenets ba ta san dalili ba. Ta tsaya gaban takardar ta riƙe ƙugu, ta ƙwala kira ta saman katanga.

"Ke Velichka! Ashe kina da wani a ɓoye duk shekarun nan ba mu sani ba? Da Stoil haka yake ai da ni na riga ki!"

A garinmu kuwa mutum uku suka je zauren al'adu suna tambayar tikitin fim ɗin. Wata malamar makaranta ta ce ta san ɗan wasan, ya taɓa fitowa a matsayin ɗan leƙen asiri. Amma babbar shaida ita ce ta Nedyalko, aminin Stoil, wanda suka shekara talatin suna raba burodi da cuku a inuwar tarakta ɗaya. Ranar Talata ya sauko daga motar safe, ya tsaya gaban bishiyar dandali, ina kallonsa daga ƙofar shago. Ya bi fuskoki ɗaya bayan ɗaya har ya zo kan tamu. Ya tofar da yawu gefe.

"'Yan fim ɗin nan ba su da kunya," ya ce da ƙarfi. "Har a bishiyar matattu suke manna talla."

Ya wuce kasuwa. In ka ce me ya hana ni kiransa, akwai mutum biyu a shago suna jiran hoton fasfo, kuma na ɗauka wani zai gaya masa. Kowa ma haka ya ɗauka.

Ranar arba'in ta faɗo Asabar. Velichka ta dafa alkama ta mutum hamsin, ta zuba sukari ta yi mata ado, an shirya kujera arba'in a gidan abinci. A bakin kabari mutum goma sha ɗaya ne, har da fada. Fada yana addu'a Velichka tana riƙe da kyandir, amma duk motar da ta wuce a titi sai ta juya ta kalli ƙofar makabarta. Aka zuba ruwa da ruwan inabi a kan kabarin, aka raba alkama, kowa ya karɓi cokali biyu don kara, roba ko rabi ba ta yi ba.

"Ƙila motar safe ce ta lalace," in ji Tihomir a hanyar fita.

Zornitsa ta ɗauki robar alkamar ta gefe ɗaya, uwarta ta kama ɗaya gefen, suka yi gaba.

Mataki na tara: Ka yi kamar za ka koma baya

Wannan mataki ba ya gyara komai, amma yana nuna kana da zuciya. Ran Litinin Tihomir ya kawo mini memorin, ba taku ɗai-ɗai wannan karon. Na duba, ba komai sai baƙon nan kala arba'in da ɗaya. Ya ɗauke shi har Sofiya, babban birni, wurin masu tono abin da aka goge, suka riƙe kwana huɗu, suka dawo masa da rabin jar robar wanki. Ya zauna ya ce zai mayar da fuskar da hannunsa: ya buɗe bakin, ya zana tamoji, ya mayar da rana. Abin da ya fito Zornitsa na gani ta fashe da kuka, ta ce ya rufe, kada ya kuskura uwarta ta gani. Garin neman gira an rasa ido.

Nedyalko sai bayan mako biyu ya ji labari a wurin mai aski. Ya zo gidan da kwalbar rakiya yana kuka kamar yaro, yana cewa shi fa ya duba bishiya, ya rantse ya duba. Bayansa mai sassaƙa dutsen kabari ya aiko a ba shi hoton da za a manna a dutse. Velichka ta ce ya rubuta suna kawai.

Ranar Lahadi da rana Tihomir ya same ta a ƙarƙashin rumfar inabi tana ɓare wake. Ya tsaya a gabanta kamar ɗan makaranta, ya faɗa mata gaskiya: hoton ya tafi, ba zai dawo ba, kuma shi ya jawo. Ya shirya wa zagi, har ya so a zage shi, domin zagi ya fi sauƙin ɗauka. Zornitsa ce ta ba ni labarin abin da ya biyo baya, tana tsaye a bakin ƙofar kicin.

Velichka ba ta ɗago ba, ta ci gaba da ɓare wakenta.

"Zauna, suruki, ba faɗa zan yi maka ba. Shi ma da yana nan dariya zai yi, ya ce ai ya faɗa." Ta zuba wake a kwano. "Abu ɗaya ne ke damuna. Kullum in zan fita sayen burodi sai na wuce mutumin can na ƙofa, in na dawo ma sai na wuce shi. Shekaranjiya na rufe ido in ga Stoil, sai mutumin ƙofar ya zo. Jiya ma na gwada, shi ne dai, da shuɗin nan nasa. Muryar Stoil ina jinta, tarinsa ina ji, har takunsa in ya shigo da takalmin lambu. Fuskar ce ba ta zuwa."



"Ka ce injin naka ba abin da ba ya gyarawa," in ji ta, sai a lokacin ta ɗago ta dube shi. "Wannan fa?"

Sanarwa

Mai wannan jagora ba ya ɗaukar alhakin duk abin da ya biyo bayan bin matakan da ke sama, ko kujerun da ba a zauna ba, ko alkamar da aka ba kaji, ko matar da ta daina yi wa mijinta magana a mota. Ni bugawa kawai na yi. Ba ni na kashe zomon ba, rataya aka ba ni, kuma kada wanda ya zo ya ƙarasa mini karin maganar, na san ƙarshenta. In ka bi shawarata ka samu sakamakon da na yi maka alkawari, kada ka zo shagona da memori a hannu kana zare ido. An rubuta a jikin ƙofa da manyan baƙaƙe, ko ba tabarau za ka gani: abin da aka buga an buga. Ba ma mayar da kuɗi, fuska kuma ba mu da inda za mu samo maka ita.